Yadda Ake Tuƙa Dogon Jirgin Sama a Ƙasa

Duk shekara lokacin jigilar alhazai, jama'a kan taru a filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi suna kallon manyan jirage na jan jiki a hankali kafin su tashi. Mai kallo gani yake wannan ne sassauƙan ɓangaren aikin. Mu da muka zauna a kujerar gaba, a nan muka fi tattara hankali. Don ƙannena matuƙa masu shirin barin ƙananan jirage irin Boeing 737 su hau manya nake wannan rubutu.

Ka fara da sanin inda kake zaune. Boeing 777-300ER ya kusa mita 74 a tsawo, Airbus A340-600 ya ɗan haura 75. A 777-300ER, tsakanin tayar hanci da manyan tayoyin tsakiya akwai kimanin mita 31, kai kuma kujerarka tana gaban tayar hancin ma. Saboda haka manyan tayoyin nan ne abin tuƙinka, kuma a bayanka suke, nesa. Idan ka bi layin tsakiyar hanya mai ruwan ɗorawa da hancin jirgi daidai-wa-daida a kwana mai tsanani, su za su yanke ta ciki, su tattake fitilun gefe ko su nutse a rairayi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli direban tirela ɗauke da albasar Aliero yana shan kwana ya ga yadda yake fita da kan mota waje kafin ya karya. Haka za ka yi.

A kwanar digiri 90, ka ci gaba miƙe har layin hanyar da za ka shiga ya zo daidai kafaɗarka, ko ya ɗan wuce. Littafin kowane jirgi yana nuna alamar da za ka auna da ita a tagar gefe. Zuciyarka za ta ce ka makara, ciyawa ce ma kake hange a gabanka. Daure. Sai a lokacin za ka juya tila, wato ɗan sitiyarin hannu da ke gefen kujera, a hankali ba fizga ba. Tila tana karya tayar hanci har wajen digiri 70, fedar ƙafa kuwa wajen 7 kawai, don haka feda ta gyaran tafiya ce a miƙaƙƙiyar hanya. Jirage irin 777-300 da A340-600 da A380 suna da kyamara mai nuna maka tayoyi a allo. Ka riƙa leƙa ta, amma kada ka kafa mata ido. Ni na fi yarda da matuƙin da kansa ke waje, yana satar kallon allon jefi-jefi.

Sai gudu. A Boeing 747 idonka na sama da ƙasa da kusan mita 9, kuma daga can komai yana kama da tafiyar hawainiya. Kada ka amince da idonka, ka karanta gudun ƙasa a allo. A miƙe kada ka wuce not 30, wajen kilomita 55 a awa. Kafin kwana ka sauko not 10 ko ƙasa da haka. Kada ka ɗora ƙafa a birki kana jan sa duk tsawon hanya: ka bar jirgin ya ɗan ɗauki gudu, ka taka sau ɗaya a natse, ka sake. Birkin kabon, irin na waɗannan manyan jirage, yawan takawa ne ke cinye shi. A zafin Afrilu na ƙasar nan, da ma'auni ke haura 40, jirgi cike da mutane da kaya da mai, birkin da ya yi zafi tun a ƙasa shi ne wanda za ka nema ka rasa idan ta kama a fasa tashi.

Fiffike kuma abin tsoro ne. Faɗin fukafukan 777-300ER ya kusa mita 65, kuma da wuya ka hango bakinsu daga kujera. Saboda a karkace suke zuwa baya, bakin fiffiken waje yana ƙara buɗewa idan kana juyawa, wutsiya ma tana shara ta wajen kwanar. Idan kana shakkar ko za ka wuce wani jirgi ko fal ɗin fitila, tsaya cak, ja birkin ajiya, ka nemi a turo masu raka fiffike, wato ma'aikatan da ke tafiya a ƙasa suna duba maka bakinsa. Babu abin kunya a ciki.

Wuta kaɗan ta isa ta motsa jirgi. Iskar bayan waɗannan injuna tana iya kifar da mota, kuma a farfajiya akwai ma'aikata da akwatunan alhazai. A jirgi mai inji huɗu, na wajen sukan rataya a kan gefen kwalta. Ka bar su a mafi ƙanƙantar wuta kada su zuƙi tsakuwa.

Idan babu hanyar gefe, sai ka bi titin tashi zuwa ƙarshe ka juyo, ka sani 777-300ER yana buƙatar faɗin da ya haura mita 55, titi da yawa kuwa 45 ne. Ka yi amfani da faffaɗan wurin juyawa da aka tanada, kuma kada ka danne tayoyin ciki da birki ka murɗa jirgin a kansu.

Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari, fitilu ne jagoranka: kore a tsakiyar hanya, shuɗi a gefe, jan layi kuwa ba a tsallaka shi ko da ka ji kamar an ba ka izini. Ka maimaita wa hasumiya duk umarnin da ta ba ka, baki da baki. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977, jirage 747 biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, Allah Ya kiyaye mu.

Da ka iso wurin tsayawa, ka bi hannun mai ba ka hannu, ka bar jirgin ya miƙe sosai na 'yan mitoci kafin ka tsaya, don tayoyi su saki murɗawar da suka ɗauka a kwana. Kada ka saki birkin ajiya sai na ƙasa ya nuna maka an sa waigi.