Kafin a ba ka makullin ɗakin gwaji a Abuja

Duk shekara suna zuwa: ɗaliban digiri na biyu da na uku daga Kano, Sakkwato da Zariya, wasu ma daga Maraɗi da Damagaram, da samfurin ganye ko ƙasa a jaka, suna neman na'urar da babu a makarantarsu. Wasu su nufi cibiyar kimiyya ta Sheda a kan hanyar Lokoja, wasu cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu. Wanda duk ya sauka wurina, abin da nake fara gaya masa shi ne ɗakin gwajin sinadarai na haɗaka kamar gidan haya yake. Abin da ka bari a kan tebur, wani ne zai taɓa shi gobe.

Ka taho da takardar malaminka, da katin shaida, da jerin sinadaran da za ka yi aiki da su. Kusan ko'ina sai an zagaya da kai an nuna maka ƙa'ida kafin a bar ka ka taɓa komai, kuma manyan na'urori layi ake bi, a rubuta suna a littafi. Kada ka ara wa kowa katinka ko makulli, ko ɗan garinku ne. Kada ka tsaya aiki kai kaɗai da dare. Ma'aikacin da ke kula da ɗakin kuwa, ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida mai unguwa, ka tambaye shi ba kunya. Shi ya san wace kwalba ce ta daɗe.

Maganar sutura ce ta fi damuna, don a nan muke da rauni. Hannun babbar riga yana share tebur. Mayafi da dogon hijabi suna lilo a kan wuta, kuma yawancinsu yadin roba ne, wanda in ya kama yake narkewa ya manne a fata. A Disambar 2008, a jami'ar UCLA ta Amurka, wata matashiya mai shekara 23 tana ɗibar wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya sha iska, ya zubo mata. Ba ta sa rigar aiki ba, rigar sanyinta ta roba ce. Ta rasu bayan kwana 18. Ƙanwata, ba wanda ya ce ki bar hijabinki. Ki nemi ƙarami na auduga, ki cusa shi cikin farar rigar aiki, ki ɓalla maɓallai har wuya. Kai kuma ka bar silifas ɗin alwala a bakin masallaci, ka sa takalmi rufaffe. Tabarau na kariya a fuska yake zama, ba a goshi ba. Goro, ruwan leda, abin buɗa-baki, duk a waje.

Ranar farko, kafin ka buɗe jaka, ka gano inda famfon wanke ido yake, ka murɗa ka ga ko akwai ruwa. In abu ya faɗa ido, minti 15 ake yi ana wankewa. Asid kuwa shi ake zubawa cikin ruwa a hankali. In ka zuba ruwa cikin asid, zafi ya taso ya fantsamo maka.

Sai lakabi. Kowace kwalba, ko ruwa zalla ne a ciki, ka rubuta abin da ke ciki da sunanka da kwanan wata. Na taɓa tarar da kwalabe uku a firijin wani ɗaki, ba rubutu, mai su ya gama karatu ya koma gida. Mun yi makonni ba mai iya zubar da su, don ba a san abin da za su yi in sun haɗu da wani abu ba. Jarkokin shara ma kowace da nata: asid na naitirik in ya haɗu da ragowar itanol ko asiton a jarka rufaffiya, iska ce ke taruwa har ta fashe. Sinadarin da ake kira ether, wanda aka buɗe ya daɗe, yana tara abin fashewa, shi ya sa ake rubuta ranar buɗewa. Masu saurin kama wuta ba a sa su a firiji irin na gida.

In an ɗauke wuta, akwatin zuƙe hayaƙi, wanda ake aikin sinadarai masu tururi a cikinsa, ya tsaya ke nan, ko da hancinka bai ji komai ba. Ka rufe kwalabe, ka sauke gilashin akwatin, ka fita har janareta ya tashi. Idan kuma lokacin salla ya yi kana da abu a kan wuta, ko dai ka kashe, ko ka damƙa wa wani da bakinka, ka manna takarda: abin da ke ciki, zafinsa, lambar wayarka, da lokacin da za ka dawo.