Ga masu zuwa sarin kaya Guangzhou

Wanda ya saba fatauci a Akara ko Kumasi ya san yadda abin yake. Ka sauka Zango, a yi ciniki da Hausa, wani ya tsaya maka, a ba ka kaya bashi. Fasfon ECOWAS ya ishe ka kwana 90. Ba ka jin nauyin wannan sauƙin sai ka zo ƙasar Sin, inda duk abin da harshe da sanayya suke ba ka kyauta sai ka sa kuɗi ka saya: tafinta, dillali, mai duba kaya, kowa da la'adarsa a cikin kuɗin kwantenarka.

Masauki ba wuya. Ka nufi unguwar Xiaobei a Guangzhou, 'yan'uwa na nan, kuma wallahi suna riƙe baƙo. Idan ba a otal ka sauka ba, ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Kada bizarka ta ƙare kana nan, tarar yuan 500 ce kullum.

Takarda ita ce ta ƙone ni. Zuwana na farko na sami tafinta Musulmi, yana jin Larabci, muna sallar Juma'a tare, sai na saki jiki. Muka je masana'anta, na ga samfur, na ba da kashi 30 kafin alƙalami. Takardar da Sinanci aka rubuta ta, na sa hannu ban san abin da ke ciki ba, kuma babu jan hatimin kamfani a kai. A nan hatimin ne magana. Kaya suka fito, yadin bai kai na samfur ba, ba ni da abin riƙewa. Daga baya na gane tafintan yana karɓar kamasho a wurin masu masana'antar ma.

Har yau ina ganin sababbin zuwa suna maimaita wannan, abin yana ƙona mini rai. Ɗan'uwa, sallama ba ta isa shaida ba. Ka sa wani daban ya karanta maka takardar. A rubuta nauyi, launi da ranar gamawa, a buga hatimi, ka riƙe samfur ɗaya mai sa hannun ku biyu. Cikon kuɗi sai an buɗe kwali a gabanka.

Kuma kada ka ba da oda dab da Sabuwar Shekarar Sinawa, tsakanin Janairu da Fabrairu. Masana'antu rufewa suke yi na makonni.