Yadda Za a Jagoranci Nazarin Romawa Sura 9

Duk wanda dattawan ikilisiya suka ɗora wa jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a nan Katsina, ko a Zumuntar Mata ko a ta matasa, wata rana zai iso Romawa sura 9, inda Manzo Bulus ya nuna a aya 15 cewa Allah yana yin jinƙai ga wanda ya ga dama. Kada a buɗe nazarin da wannan ayar. A fara karanta Fitowa sura 32 zuwa 34, domin daga can Bulus ya ɗauko maganar. Allah ya faɗa wa Musa ita ne bayan Isra'ilawa sun ƙera ɗan maraƙin zinariya sun yi masa sujada, lokacin da babu ko ɗaya a cikinsu da ya cancanci komai sai hukunci. Wanda ya san wannan labarin ba zai ɗauki ayar a matsayin son kai ba.

Daga nan a sa mutum ɗaya ya karanta aya 1 zuwa 5 a hankali, har a ji baƙin cikin Bulus saboda 'yan'uwansa Yahudawa da ba su karɓi Almasihu ba. Damuwarsa ke nan: ko alkawarin Allah ya faɗi? Aya 6 ta ce bai faɗi ba, sa'an nan aya 7 zuwa 13 suka bi da labarin Ishaku, da na Yakubu da Isuwa, waɗanda aka yi magana a kansu tun suna cikin mahaifiyarsu Rifkatu (Farawa 25:23).

A aya 14 zuwa 21 ne tambayoyi ke tasowa, kuma galibi wata uwa ce za ta ce, "Malam, to, ɗana da ya bar sujada fa?" Kada a rufe mata baki da misalin maginin tukwane na aya 21, mai ikon yin yadda ya so da yumɓunsa, don tambayarta ba jayayya da Allah ba ce. A kai ta Romawa 10:13, wadda ta tabbatar da ceto ga duk wanda ya kira bisa sunan Ubangiji, a kuma yi addu'a domin yaron kafin a tashi.

A ganina, sura 9 ba ta zama ɗaya ba ce. A raba ta mako biyu, a ci gaba har 11:32, inda Bulus ya ce Allah ya kulle kowa cikin rashin biyayya domin ya yi wa kowa jinƙai.