Yadda za ka gano asalin tsohon tiyodolait na auna taurari

Idan tsohuwar na'urar safiyo da ake kira tiyodolait ta shigo hannunka, irin wadda ake auna rana da taurari da ita don a san inda ake a doron ƙasa, to dan Allah kar ka fara da goge ta. Mutane da yawa suna ganin tagullar ta dushe sai su ɗauko man goge ƙarfe, su kankare fentin kariya na asali, wani lokaci har da layukan digiri da aka zana a kan azurfa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare yadda ta zo maka, da ƙurarta da komai.

Daga nan ka tabbatar ta taurari ce. Duba ko akwai da'irar tsaye ta auna tsayin tauraro, da baƙin gilashi na kallon rana, da wurin sa ido mai lanƙwasa wanda ke ba ka damar duba sama ba tare da ka karya wuya ba. Wasu ma akwai wurin maƙala 'yar fitila da ke haska siraran zaren saiti na cikin madubin hangen nesa da dare, kuma a tsofaffi zaren nan na gizo-gizo ne na gaske, saboda haka kar ka zura komai ciki.

Sai sunan maƙeri, nan ne aikin yake. Sunan kamfani kaɗai yana iya rage maka shekaru da yawa. Troughton & Simms na Landan sun haɗu a 1826, a 1922 kuma suka haɗe da T. Cooke & Sons na York suka koma Cooke, Troughton & Simms, kenan duk wadda ke ɗauke da sunaye ukun nan ba za ta girmi 1922 ba, komai labarin da mai sayarwa ya ba ka. Wild na Heerbrugg a Suwizalan 1921 aka kafa shi, kuma nasu da'irar gilashi ce da ake karantawa ta wani ƙaramin madubi. W. & L. E. Gurley na garin Troy a Amurka sun fara amfani da wannan suna a 1852. Rubuta lambar da ke jikin na'urar, ka nemo ta a ƙafa da jikin akwati, idan lambobin ba su dace ba to haɗe-haɗe aka yi.

Ni a ganina akwatin ya fi na'urar yawan magana. A cikin murfi ake samun takardar maƙeri da adireshinsa, da tambarin masu gyara da kwanan wata, da sunan ma'aikatar da ta mallake ta, wani lokaci har sunan ɗan safiyon da fensir. Idan ka ga alama kamar kan kibiya mai layi uku, ta taɓa zama kayan gwamnatin Birtaniya ke nan. Kar ka ɓare ko takarda ɗaya.

Ka yi hattara da na kwalliya da ake ƙerawa yanzu, suna ƙyalli sosai, an buga musu tsohuwar shekara ɓaro-ɓaro, amma layukan digirinsu kaca-kaca suke kuma sukurorin na rawa. Ta gaske tana juyawa sumul.

Labari irin su "da ita aka auna Indiya" kuwa sai da takarda. Babban safiyon Indiya ya fara a 1802 ƙarƙashin William Lambton, kuma kowa na son jingina kayansa da shi. Nemi rasit, wasiƙa ko kundin gwanjo. Idan ta Cooke ce ko Troughton, takardun kamfanin suna cibiyar Borthwick a Jami'ar York, ka tura musu hotunan da lambar ka tambaya ko tana cikin littattafansu.