Yadda Ake Haɗa Labaran Gari-Gari a Rediyo Lokacin Ambaliya ko Rikici

Tsarin nan da mai gabatarwa ke zama a ɗakin watsa labarai yana kiran wakilai ɗaya bayan ɗaya, a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu ya samo asali. Ranar 13 ga Maris 1938, bayan sojojin Hitler sun shiga Ostiriya, gidan rediyon CBS na Amurka ya zaunar da Robert Trout a New York, ya haɗa shi ta gajeren zango da William Shirer a Landan, da Edward Murrow a Vienna, da wasu a Paris da Berlin, duk cikin shiri guda. Ƙaramar tasha a Jigawa za ta iya yin irinsa da wayar hannu huɗu idan kogin Haɗeja ya yi ambaliya a Ringim, Miga, Auyo da Kafin Hausa.

A fara da rabon lokaci. Idan shirin na minti 15 ne, mai gabatarwa ya ɗauki minti 1 na buɗewa, wakilai huɗu kowa minti 2, a bar minti 1 na tambaya bayan kowane wakili, ragowar minti 2 na sanarwa da rufewa. Mai karatu a natse yakan tashi da kalma 130 zuwa 150 a minti, don haka rahoton minti 2 kada ya wuce kalma 300. Kowa ya daidaita agogonsa da na tashar, a kuma faɗa masa daidai mintin da zai shigo. Landan ta fi New York gaba da awa biyar, shi ya sa Murrow, da yake aiko da labarai daga Landan lokacin yaƙin, kan yi rahoton da Amurkawa ke ji da yamma a tsakar dare, kuma da agogo yake aiki, ba ya ƙetare abin da aka yanka masa.

Rubutun shi ne babban aiki. Kai wakili, ka raba takardarka gida uku: abin da ka gani da idonka, abin da wani mai suna da muƙami ya faɗa maka, da abin da ake ta faɗa a gari. Kashi na uku ba ya shiga iska. Na biyu kuwa sai da sunan mai maganar: "Dagacin garin ya shaida mini gidaje kaza sun rushe." Adadi shi ke ɓata wakili, domin mutumin da gidansa ya faɗi cikin dare zai ce maka gari ya ƙare, kuma ba ƙarya yake nufi ba, tashin hankali ne. Ka tambayi mai unguwa, ka tambayi jami'in agaji na ƙaramar hukuma, idan sun saɓa ka faɗi duka biyun tare da mai kowanne. Ka fara da inda kake tsaye da ƙarfe nawa, sannan abu ɗaya da mai sauraro zai iya gani a ransa: ruwa ya kai ƙugu a bakin masallacin Juma'a, mata na ɗora buhunan gero a kwale-kwale, rumbu ya jiƙe ya zauna. Wannan ya fi "mummunar ɓarna" sau goma a jere. Murrow ya shiga sansanin Buchenwald, inda gwamnatin Hitler ta tsare fursunoni a Jamus, ranar 12 ga Afrilu 1945, bai ba da rahotonsa ba sai ranar 15, kuma abin da ya gani ya faɗa.

Idan rikici ne tsakanin manoma da makiyaya, ko harin 'yan bindiga, a ƙara tsantseni. Kada a ambaci sunan mamaci kafin iyalansa su sani. Kada a jingina laifi ga wata ƙabila. Kada a faɗi inda jami'an tsaro suka ja daga ko hanyar da mutane ke bi su tsere, saboda masu harin ma suna da rediyo. A Landan lokacin yaƙi sai jami'in tace labarai ya duba takarda kafin a karanta. A nan edita ne zai yi wannan aikin, don haka a karanta masa rahoton ta waya kafin shiri.

Sai sauti. Riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, ka ɗan karkatar da ita gefe don kada numfashi ya riƙa dukanta. Juya wa iska baya, ko ka sa wa ƙasan wayar safa mai tsabta. Nisanci janareta da injin niƙa. Rediyon da ke kusa da kai a kashe shi, in ba haka ba muryarka za ta dawo cikin wayar ta yi kuwwa, kai kuma jinkirin ya rikita ka. Ka nemi tudun da sabis ya fi ƙarfi tun da sauran awa guda, ka tsaya nan, kada ka yi ta yawo kana magana. Caji ya cika, kati ya wadata, kuma a tashar a ajiye lambar mutum na biyu da ke tare da kai. A watan Agusta 1940 Murrow ya sauke makirufo ƙasa a dandalin Trafalgar da ke Landan, aka ji takun mutane suna tafiya maɓoya ana busa jiniya. Kai ma ka bar ƙarar ruwa ko hayaniyar masu kwashe kaya ta yi daƙiƙa 10 kafin ka fara magana.

Layi zai yanke, wannan babu makawa da damina. A wancan zamani manyan tashoshin Amurka ba su cika yarda da sa muryar da aka naɗa ba, amma yau kowane wakili ya turo rahotonsa ta WhatsApp rabin awa kafin shiri, ya naɗa shi wayar na kan yanayin jirgi don kada kira ya katse shi. Idan layi ya faɗi, mai gabatarwa ya gwada sau ɗaya kawai, sannan ya sa wanda aka naɗa, ya kuma gaya wa jama'a ƙarfe nawa aka naɗe shi, tunda ruwa na iya ƙaruwa cikin awa guda. Kada ya cike gurbi da hasashe. Ya riƙe takarda mai sunayen garuruwa da adadin da kowane wakili ya bayar, idan wani adadi ya canja a shiri na gaba ya faɗi tsohon, ya faɗi sabon, da wanda ya gyara shi.