Yadda Ake Tsara Mashigar Iska Don Sanyaya Injin Ƙaramin Jirgin Sama Haɗin Gida

Injunan da masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu suka fi amfani da su, irin su Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 150 ko 160, da O-360 mai 180, da Continental O-200 mai 100, duk iska ce kaɗai ke sanyaya su, ba su da ruwa kuma ba su da fanka. Kamfanin Lycoming ya sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260 na ma'aunin Salshiyas, amma shi da kansa yana ba da shawarar a riƙe zafin a ƙasa da wajen digiri 205 idan ana son injin ya yi tsawon rai. Da yawa daga cikin masu haɗa jirgi, da zarar sun ga allurar zafi tana hawa, sai su ɗauko zarto su faɗaɗa ramin shigar iska da ke gaban murfin inji, alhali sau da yawa laifin ba a can yake ba. Abin da ke sanyaya injin shi ne bambancin matsin iska tsakanin saman silindodi da ƙasansu, kuma duk aikin tsara murfin inji yana komawa ne ga samar da wannan bambanci, da hana shi zurarewa, da auna shi.

Tsarin da aka saba da shi yana raba cikin murfin inji gida biyu. Iska tana shiga ta ramuka biyu a gefunan hular farfela, wato murfin nan mai tsini da ke rufe tsakiyarta, ta taru a ɗakin sama inda gudunta ke raguwa matsinta ya ƙaru, sannan ta kutsa ta tsakanin siraran haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silindodi ta kwashe zafi, ta sauka ɗakin ƙasa, ta fice ta mafitar da ke ƙarƙashin jirgin. Ana auna bambancin matsin ɗakunan biyu da tsawon ruwan da zai iya ɗagawa a cikin tiyo, kuma injin Lycoming mai silinda huɗu yakan buƙaci wajen santimita 13 zuwa 15 idan yana aiki da cikakken ƙarfi. Ainihin adadin yana cikin jadawalin da kamfanin ke bayarwa ga kowane inji, kuma ya kamata a same shi kafin a zana komai.

Yana da kyau a san yawan matsin da ake da shi a hannu tun kafin a fara rabonsa. A daidai matakin teku, jirgin da ke gudun kilomita 150 a sa'a yana samun matsin da bai wuce santimita 11 na ruwa ba daga iskar da ke bugunsa, a kilomita 185 yana samun kusan 16 da rabi, a kilomita 300 kuma sama da 40, domin matsin yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Wannan lissafi yana nuna inda wahalar take. Lokacin hawa sama, injin yana fitar da zafi mafi yawa a daidai sa'ar da gudu ya fi ƙanƙanta, har ma matsin iskar bai kai abin da ake buƙata ba sai da taimakon iskar farfela da zuƙar da mafita ke yi. Idan jirgin ya daidaita ya miƙa kuwa, matsin ya yi yawa, kuma duk iskar da ta wuce buƙata tana rage wa jirgin gudu ne kawai. Saboda haka ana yanke girman mashiga bisa buƙatar hawa, sannan a nemi hanyar takaita iskar a lokacin miƙawa.

Girman mashiga ana fitar da shi ne daga yawan iskar da injin ke sha da kuma gudun da ake so iskar ta shiga da shi. Binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki nauyi a Jami'ar Jihar Misisifi, wanda aka wallafa a 1981 bayan gwaje-gwaje a kan jirgin Piper Aztec, ya kwatanta mashigu masu faɗi da iska ke shiga a hankali da kuma ƙanana da take shiga da gudu, ya nuna cewa masu faɗin sun fi riƙe matsi, domin iskar tana rage gudu tun a waje, a gaban ramin, inda babu bangon da za ta goga. A ɗauka, don misali, cewa jadawalin inji ya nuna yana buƙatar mita 1 kubik na iska a daƙiƙa, jirgin kuma yana hawa da gudun mita 45 a daƙiƙa. Idan ana so iskar ta shiga da kashi 70 cikin ɗari na wannan gudu, sai a raba 1 da 31.5, a sami faɗin kusan murabba'in santimita 320, wato ramuka biyu zagayayyu masu faɗin baki santimita 14 da ɗoriya kowanne. Waɗannan ramuka, idan jirgin ya miƙa da gudun mita 80 a daƙiƙa, iska za ta shige su da kashi 40 cikin ɗari na gudun jirgin, kuma wannan ma'auni ne mai kyau.

Siffar leɓen ramin tana da muhimmanci kamar girmansa, kuma a nan ne nake ganin ya fi dacewa a kashe lokaci da faiba da sanfefa. Leɓe mai kaifi yana aiki ne kawai idan iska ta zo masa kai tsaye, alhali a lokacin hawa hancin jirgi yana ɗage, iskar tana zuwa daga ƙasa, farfela kuma tana murɗa ta, har ramin dama da na hagu ba sa samun ta daga kusurwa ɗaya. Leɓe mai kauri, zagayayye ciki da waje, yana barin iskar ta lanƙwasa ta shiga ba tare da ta rabu da bango ba, kuma rarar da ba ta shiga ba ta zame ta bayan murfin lami lafiya. A matsar da ramukan gaba kusa da farfela, a kuma nisanta su kaɗan daga hularta, domin gindin farfela kusan dunƙulalle ne, dagula iska yake yi fiye da tura ta. Bayan leɓe, hanyar ta riƙa buɗewa sannu a hankali, kusurwar bangon kada ta wuce wajen digiri 7 gwargwadon yadda wuri ya bari, kuma a cike duk wani tudu ko gargada da ke rufin murfin a bayan ramin. Wannan ilimi tsoho ne: tun a 1928 Fred Weick da abokan aikinsa a cibiyar Langley ta Amurka suka nuna cewa murfi mai kyau ya ɗaga gudun jirgin Curtiss AT-5A daga mil 118 zuwa 137 a sa'a ba tare da an taɓa injin ba. Sai dai a yi hattara da mashigar nan mai nutsewa cikin jikin jirgi da ake kira NACA, wadda kyanta ke jan hankalin mutane. Ta dace da shigar da iska mazaunin matuƙi, amma ba ta iya tura iska ta cikin abin da ke da turjiya sosai kamar silinda.

Shingen da ya raba ɗakin sama da na ƙasa shi ne inda aka fi yin asara. Ana yin sa da fallayen alminiyam da ke kewaye injin, a bakinsu kuma a ɗaura robar silikon mai jure zafi wadda ke manne wa murfi. Dole robar ta lanƙwasa ciki, wajen ɗakin sama, yadda matsin iska zai ƙara danna ta jikin murfin. Idan ta juya waje, ko da a wuri ɗaya ne lokacin da ake rufe murfi, iskar za ta buɗe ta ta wuce. Iska ba ta bin tsakanin haƙarƙarin silinda matuƙar ta sami hanya mafi sauƙi, kuma ƙananan kafofi da ke kusa da ƙafafun inji, da inda wayoyin fulogi suka ratsa, da gefen akwatin inji, da tazarar bayan hular farfela, idan aka tara su sukan kai girman rami guda babba. Hanyar gano su mai sauƙi ce. A rufe murfin a wuri mai duhu, a sa tocila a ɗakin ƙasa, a leƙa ta ramukan gaba: duk inda haske ya ɓullo ba ta tsakanin haƙarƙari ba, a toshe shi da jan silikon mai jure zafi ko da faci. Bayan tashi na farko a duba cikin murfin, domin robar da ta zauna daidai takan bar zane mara yankewa, inda zanen ya yanke kuma nan iska ke bi. Kada a manta da ƙananan fallayen da ke tsakanin silinda da silinda, da waɗanda ke naɗe ƙasansu, domin su ne ke sa iskar ta zagaya silindar har ƙasa maimakon ta taɓa samanta kawai ta gudu.

Injin Lycoming yana da wani hali da ya kamata a sani. Haƙarƙarin kan silindarsa ba su da zurfi ɗaya a gefuna biyu, kuma a silinda ta 3, wadda ke baya a hannun dama, gefen mara zurfi ne ke fuskantar shingen baya, sai hanyar iska ta toshe, silindar ta fi sauran zafi. Maganin shi ne a bar 'yar tazara ta milimita kaɗan tsakanin shingen da kan silindar, ko a ƙera ɗan lungu a jikin shingen da zai zagaya da iska zuwa haƙarƙarin ƙasa. Silindodin gaba, ta 1 da ta 2, ana daidaita zafinsu da ƙananan fallaye da ake kafawa a gabansu, a riƙa rage tsawonsu kaɗan-kaɗan har zafin huɗun ya kusanci juna.

Mafita ce ke iko da yawan iskar da ke ratsa injin. Idan aka faɗaɗa ta, matsin ɗakin ƙasa ya sauka, iska ta ƙaru. Idan aka matse ta, iskar ta ragu kuma ta fita da gudu, wanda ke mayar wa jirgin wani ɓangare na ƙarfin da ya kashe. Shi ya sa ƙyauren mafita mai buɗewa da rufewa daga mazaunin matuƙi ya cancanci wahalar ƙera shi a jirgi mai gudu. A zagaye gefen ƙasa na bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi, a rage cunkoson bututun salansa da ƙarafan tayar gaba a bakin mafitar gwargwadon iko, kuma idan jirgin mai tafiya a hankali ne, ɗan leɓe da ya karkata ƙasa a gaban mafitar yana ƙara zuƙa sosai.

Lagireton baƙin mai, da bututun da ke hura wa magneto (na'urar da ke ba fulogi wuta) da janareta iska, da na ɗumama mazauni, duk daga ɗakin sama suke ɗiba, don haka a ba kowanne daidai buƙatarsa. Zafin mai da ake so wajen digiri 82 ne, iyakarsa kuma 118. Wanda yake da injin Rotax 912, da ruwa ke sanyaya kawunan silindodinsa, ya bi wannan ƙa'ida ga lagireton injin: bututu rufaffe a gaba, roba a kewaye, mafita mai ƙarancin matsi a baya.

Awo ba ya buƙatar kaya masu tsada. Farin tiyo irin wanda magina ke duba lebur da shi, a lanƙwasa shi a kan katako mai zanen santimita, a zuba ruwa mai launi, ya isa. Baki ɗaya ya tafi ɗakin sama, ɗayan ɗakin ƙasa, kuma a ƙarshen kowanne a sa ɗan bututu mai toshasshen baki da ƙananan huji a jikinsa, don a auna matsi ba bugun iska ba. A sa ma'aunin zafi a kowace silinda, ba a guda ɗaya ba. Idan matsin sama ya yi ƙasa, a binciki mashiga da yoyon shinge. Idan na sama ya yi kyau amma na ƙasa ma ya hau, mafita ce ta yi kaɗan ko iska na zurarowa. Idan bambancin ya isa amma zafi bai sauka ba, sai a koma kan injin kansa, a duba saitin wuta, wanda a yawancin O-360 digiri 25 ne na juyawar inji kafin fistin ya kai ƙololuwa, da yawan man da kafireta ke bayarwa a cikakken ƙarfi. Sabuwar silinda ma takan yi zafi har sai ta gama zama.

Gwajin da aka yi da sanyin safiya ba ya nuna abin da zai faru da rana tsaka. Ƙa'idar gwajin jiragen sama ta Amurka tana mayar da sakamakon gwaji kan ranar da zafinta ya kai digiri 38 a matakin teku, ta hanyar ƙara bambancin zafin ranar gwajin a kan abin da aka karanta. A yankinmu, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan ma'auni ya yi kaɗan, kuma tsarin da aka kwafo daga zanen kamfanin Van's na jihar Oregon ta Amurka, wanda daga samfurinsa na RV-6A ne aka haɗa jiragen horo na Air Beetle a Kaduna, yana buƙatar a sake auna shi a zafin wurin da zai yi aiki. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙo ta liƙe ƙofofin lagireto, zanzaro kuma yakan yi gini a tsakanin haƙarƙarin silinda cikin kwanaki kaɗan, don haka a toshe ramukan gaba idan an ajiye jirgi, da matosai masu jan ƙyalle da ba za a manta da su ba. A yayin gwaji a canja abu ɗaya kawai kafin kowane tashi, a riƙe gudu ɗaya da tsawo ɗaya da ƙarfin inji ɗaya, a rubuta zafin waje tare da matsin ɗakunan biyu, kuma idan wata silinda ta haura digiri 220 a lokacin hawa, a sauke hancin jirgin a ƙara gudu nan take.