Idan mai kansar gaba ta fara ruɗewa, a auna kalsiyam

Wanga bayani na masu jinyar mace mai kansar fatar gaba ne, wato ta waje ba ta bakin mahaifa ba. Wani lokaci kansar tana fitar da wani sinadari da yake zuƙo kalsiyam daga ƙashi ya zuba cikin jini, ƙoda kuma ta kasa zubar da shi.

Ga abin da za ki lura da shi idan kalsiyam ya yi mata yawa a jini. Inna ta shanye kofin ruwa ta ce a ƙaro, fitsari ba ƙaƙƙautawa har cikin dare, bayan gida ya ɗaure kwana uku huɗu, tuwo ta ture, ga tashin zuciya ga kasala. Daga nan sai barci da rana tsaka, ki yi mata magana ta amsa da wani abu daban, ko ta kira ki da sunan ƙanwarta da ta rasu. A nan ne mutanen gida ke cewa iska ce ko tsufa, wasu su ce suga ne. A yi addu'a amma don Allah a tafi asibiti ranar, kar a jira ranar kilinik.

Ku je wurin likitocinta ko imajensi ta UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ku ce a auna kalsiyam da albumin (wani furotin na cikin jini) da aikin ƙoda. Daidai na kalsiyam shi ne wajen 2.2 zuwa 2.6 mmol/L, idan ya haura 3.5 abin gaggawa ne sosai. Magani na farko ƙarin ruwa ne, dirif na ruwan gishiri, sai allura irin su zoledronic acid mai hana ƙashi sakin kalsiyam, tana ɗaukar kwana 2 zuwa 4 kafin ta kama aiki, kar ku ɗaga hankali washegari.

Ki kwashi duk magungunanta a leda ki nuna, musamman ƙwayar kalsiyam, bitamin D da maganin hawan jini mai sa fitsari, likita zai faɗi na dainawa. Diclofenac na kemis ma a bari, yana wahalar da ƙoda.

Bayan sallama ki riƙa ba ta ruwa a kai a kai, balle zafin Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40, ta ɗan taka ko zuwa zaure ne. Fura da nono ba su suka jawo ba, kar a hana ta sai in likita ya ce. Abin yana iya dawowa cikin 'yan makonni in ba a danne kansar ba, ki tambayi ranar awo na gaba kafin ku fito.